Ceri da ƙwallonsa: tafiyata zuwa Limuzan

"Yaya, kin zo a kan gaɓa, ceri ya nuna." Saƙon da ƙanwata ta turo min kenan tun jirgin ƙasa bai gama barin tashar Austerlitz a Paris ba. Ni kam a lokacin ba wani ceri (ɗan itace ne ƙarami ja mai ƙwallo a ciki) a raina, ita nake ɗokin gani, shekara biyu cur rabona da ita tun da ta tafi karatu jami'ar Limoges, garin da masu shi suke kira Limoj, a yankin Limuzan na Faransa. Na mayar mata da amsa nace ke dai ki tabbata kina tasha kafin in sauka, sauran zance sai na iso.

Tsakiyar watan Yuni ne. Daga Paris zuwa Limoj kusan kilomita 400 ne, awa uku da 'yan kai a jirgi, kuma rabin farko na hanyar ba wani abin kallo sai gonakin alkama a shimfiɗe iya ganinka. Sai da muka wuce Châteauroux sannan ƙasa ta fara tashi, tudu nan kwari can, dazuka kore shar, ga wasu jajayen shanu ƙosassu suna kiwo abinsu cikin shinge ba makiyayi ba kowa. Su ne shanun Limuzan da ake kai irinsu ƙasashe da yawa saboda nama, sunan yankin suka ci. Shi yankin a takarda ma yanzu babu shi, tun 2016 aka haɗe shi da maƙwabtansa aka yi babban yankin Nouvelle-Aquitaine, amma duk wanda muka yi hira dashi a can ɗan Limuzan yake kiran kansa.

Tashar Limoj ɗin ita kanta abin a tsaya a kalla ce, Bénédictins suke ce mata, a 1929 aka buɗe ta, kuma a saman layin dogo aka gina ta ba a gefe ba, wato jirgi ta ƙarƙashinta yake shiga, ka sauka ka hau bene sai ka ganka cikin wani makeken zaure, ga koriyar ƙubba ga hasumiyar agogo mai tsawon mita 67. Duk wannan sai ranar komawa na lura dashi, don ina hawowa na hango yarinyar nan tana ɗago hannu, ta rame kaɗan, na yar da jaka muka rungume juna muna kuka mutane na ratsa mu suna wucewa.

Washegari ta ja ni kasuwar cikin gari mai rufi, Halles, wadda take dandalin Motte. Tsohon gini ne na ƙarfe da bulo da gilashi tun 1889, an kewaye samansa da fale-falen tangaran 328 masu zanen kifi da kaji da furanni. A nan na fara ganin ceri a tsibe, ba cikin 'yar robar kanti ba, wani ja jawur, wani har ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi. Mai sayarwar ya ga na tsaya ina ta kallo sai ya ɗauko guda ɗaya ta tsinkensa ya nuna min, ƙanwata na fassara. Yace tsinken za ki fara dubawa, in kore ne yana lanƙwasuwa to bai daɗe da barin bishiya ba, in ya bushe ya yi ruwan ƙasa to ya kwana biyu. Sai jikin, ya zama da tauri yana ƙyalli ba yamutsa. Ya nuna min Burlat wanda shi ke fara nuna tun ƙarshen Mayu kuma lokacinsa ya kusa wucewa, ya nuna min griotte mai tsami da aka fi dafawa akan ci haka nan. Na miƙa hannu zan saya ƙanwata ta riƙe ni tace Yaya bari, gobe za ki tsinka da hannunki.

Ashe matar da take haya a gidanta ce ta gayyace mu ƙauyensu. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse garuruwa, ƙanwata Mamie take ce mata wato kaka, ni dai bakina Mama ya kama kuma ta amsa. Ranar Asabar da sassafe ta ɗebe mu a 'yar motarta, tafiyar kamar rabin awa daga gari, hanya siririya tana ta lanƙwasa tsakanin manyan bishiyoyi har muka iso wani gidan dutse mai ƙananan tagogi. Tana kashe mota ko cikin gida bata shiga ba, ta zagaya baya ta tsaya ƙarƙashin wata bishiyar ceri ta ɗaga kai tana kallo kamar mai gaida wani babba. Mahaifinta ne ya dasa ta.

Bishiyar doguwa ce ta fi rufin gidan, 'ya'yanta ƙanana baƙaƙe, ko kusa basu kai na kasuwa girma ba. Na tsinki ɗaya na jefa a baki, wallahi sai da na rufe ido, zaƙi ne mai ɗan tsami daga ƙarshe, ruwansa kamar jini, nan take ya rina min yatsu. Mama tace yau ɗin nan za mu sauke duk abin da hannu ya kai, an ce gobe akwai ruwan sama. Nace to meye ruwa zai masa, ba wanke shi zai yi ba? Ta girgiza kai. Nunannen ceri in ruwa ya zauna a jikinsa tsotsa yake ta fatar, cikinsa cike da sukari yana jan ruwan, ya kumbura har fatar ta tsage, daga nan kuma sai ruɓa da ƙudaje. Kuma ba dama kace bari in tsinke shi da wuri ya ƙarasa nuna a ɗaki, shi ba ya ƙara zaƙi bayan ya bar bishiya, yadda ka cire shi haka zai zauna. Kunga kenan tsakanin nunarsa da lalacewarsa 'yan kwanaki ne, ga tsuntsaye su ma suna jiran rabonsu, tun muna ƙasa muke jin hayaniyarsu a can ƙololuwa. Tace na saman nasu ne, ta daina faɗa dasu tun tuni.

Ƙanwata ta hau tsani, ni ina ƙasa da kwando ina kama rassan da suka sunkuyo. Abu biyu Mama ta dinga nanatawa. Na farko a cire shi da tsinkensa, don in ka zare tsinken ka buɗe masa ƙofa, ruwa zai fara fita ya yi saurin lalacewa. Na biyu kuma, wanda har ta taso daga kujera ta kama hannuna ta nuna min, akwai wasu 'yan gajerun tsiro a jikin reshe inda tsinkayen suke fitowa a dunƙule, tace kar ki kuskura ki ɓalle wannan, nan ne 'ya'yan baɗi za su fito. Sai ka kama tsinken ka ɗan murɗa sama ya rabu da kansa. Tun ina yi a hankali har hannuna ya saba, rana na ratsowa ta cikin ganye, hannu duk ya yi ja ya yi danƙo, muna tsinka muna ci muna hirar shekara biyun da bamu yi ba.

Na tambaye ta ko in na tafi da ƙwallon zai tsiro min a ko'ina. Tace tsirowa daban haihuwa daban, bishiyar nan sai ta sha sanyin hunturu sosai, ɗaruruwan awanni cikin sanyin da bai wuce digiri 7 ba tana barci ba ganye ko ɗaya, sannan take yin fure da kyau a watan Afrilu. Shi yasa ba kowace ƙasa take yinsa ba. Ƙanwata daga saman tsani ta ƙara da cewa Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya, sunan ma ana danganta shi da tsohon garin Kerasus, Giresun na yanzu a bakin Bahar Aswad, Turkawa na cewa kiraz Faransawa na cewa seriz.

Kafin azahar mun cika kwando uku. Muka zauna a inuwa muna tsincewa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya yi laushi ko yake da ɗan huji kamar na allura Mama sai ta ware shi gefe, tace wani ɗan ƙaramin ƙuda ne da ya shigo Turai daga Asiya wajen 2008, shi ba ya jiran 'ya'yan itace su ruɓe, lafiyayyen yake hudawa ya saka ƙwai a ciki, tun zuwansa masu ceri basu huta ba.

To yanzu ga inda nake son zuwa. Da la'asar tace za ta koya min kilafuti, su suna rubuta shi clafoutis, abin zaƙin da Limuzan ke tinƙaho dashi. Ta wanke ceri ta baza a kan tsumma ya tsane sarai, muka cire tsinkayen, ni kuma na ɗauki 'yar wuƙa na fara tsaga ɗaya zan cire ƙwallon. Hannuna ta riƙe. Tace a'a 'yata, da ƙwallonsa ake gasawa. Na kalli ƙanwata nace ke tambaye ta da kyau ko dai ban fahimta ba, ta yaya za a ba baƙo abu yana ci yana tofar da ƙwallo? Gaskiya a raina na ɗauka gudun wahala ne kawai aka mayar al'ada. Mama bata yi musu dani ba, ta ɗauko wani ƙaramin kwano tace to ki cire na wannan ki yi naki, ni zan yi nawa, kwaɓi ɗaya obin ɗaya, in sun fito ma yi magana.

Kwanon da ta ɗauko ma nata farin tangaran ne mai faɗi marar zurfi, bakinsa ya ɗan ɓantare, na auren mahaifiyarta. Dama Limoj da tangaran aka san ta a duniya, tun da aka gano farar ƙasar yinsa kusa da Saint-Yrieix a 1768, to a gidajen yankin ba abin ajiye wa a kabad ana kallo bane kawai, da shi ake girki. Ta shafe cikinsa da bota sosai da yatsunta har gefe-gefe, ta barbaɗa sukari cokali ɗaya ta jujjuya kwanon ya kama ko'ina.

Ita ba ta awo, amma don ni ta ɗauko sikeli na rubuta a waya. Ceri giram 500 ko ma ya ɗan fi, ƙwai 3, sukari giram 100, fulawa giram 80, madara mililita 250, bota narkakkiya giram 30, sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Shikenan fa, ba yis ba bakin foda ba komai. Ta fasa ƙwan a roba ta zuba sukari da gishiri ta kaɗa har ya ɗan yi haske, sannan ta tankaɗe fulawa a kai ta juya tun yana da kauri, tace a nan ake kashe gudaji, in ka zuba madara tun farko sai ka yi ta bin su baka kama su ba. Sai da ya yi sumul sannan ta dinga zuba madarar kaɗan-kaɗan tana juyawa, bota daga ƙarshe. Kwaɓin ruwa-ruwa yake, yana zuba daga cokali kamar madara mai kauri, duk wanda ya saba da kwaɓin kek zai ɗauka an yi kuskure. Tace wasu na ɗiga giya a ciki don ƙamshi, ta san mu ba ma sha, kuma ita ma mahaifiyarta bata taɓa sakawa ba, ceri mai kyau ba ya buƙata. Ta rufe robar ta ajiye gefe rabin awa fulawar ta jiƙa, ta kunna obin a digiri 180.

Jera cerin shi ne abin da ya fi burge ni. Ba watsa shi ake yi jefi-jefi ba, cika kwanon ake yi taf, layi ɗaya, kowanne na gogar ɗan'uwansa har ba ka ganin farin ƙasan. Tace sunan ma daga nan ya fito, a tsohon yarensu na Oksitan clafir na nufin cikawa. Kwaɓin aikinsa kawai ya riƙe su, ba shi ne mai gidan ba. Ta tsiyaya shi a hankali ta gefe har ya kusa rufe su, kawunansu na leƙowa baƙi-baƙi. Kuma wai in da tufa ko wani ɗan itace aka yi to sunansa flognarde, kilafuti na ceri ne kaɗai, ta faɗi wannan tana ɗaga yatsa.

Ni kuma ina gefe ina fama da nawa, kafin in gama cire ƙwallayen rabin ruwan ya tsiyaye a faranti, ina zuba kwaɓi a kai ya fara rinewa.

Minti 40 ya yi a wuta, nawa ƙaramin ya riga fita. Wajen minti na ashirin da biyar ƙamshi ya cika kicin ɗin, bota da ƙwai da sukarin da ya fara ƙonuwa a gefe, na durƙusa ina leƙe ta gilashin obin, gefen ya taso ya kumbura ya yi ruwan zuma, tsakiyar na rawa kaɗan-kaɗan, wasu cerin sun tsage suna tsartuwa. Ta hana a buɗe sai daf da ƙarshe, ta soka wuƙa a tsakiya ta fito ba ɗanyen kwaɓi, ta sauke ta barbaɗa sukari tun da zafinsa. Ina tsaye a kansa ya fara saɓewa yana komawa ƙasa, nace wayyo Mama ya faɗi! Tace haka yake, tururi ne ya ɗaga shi, tururin ya fita dole ya zauna, wanda bai zauna ba fulawa ta masa yawa.

Ba a ci da zafi, ba a kuma sa shi firij ya sandare, da ɗumi-ɗuminsa ake ci. Muka fitar da tebur ƙarƙashin bishiyar, ƙarfe tara na dare amma gari da haske tas kamar la'asar sakaliya, a watan Yuni can rana ba ta faɗuwa sai goma saura, ranar sai da muka gama komai muka wanke kwanuka sannan magariba ta yi. Ta ajiye wa kowa faranti biyu, ɗaya na ci ɗaya ƙarami na ƙwallo, da cokali ta ɗiba daga cikin kwanon ba yankawa ba.

Na fara da nawa. Yana da daɗi ba laifi, amma ƙasansa ya jiƙe ya yi caɓa-caɓa, launinsa ya koma wani shuɗi-shuɗi ja-ja, cerin kuma sun yamutse sun zama fata. Sai na ɗebi nata. Kwaɓin rawaya ne tsaf, laushinsa tsakanin kek da kastad, gefen na ɗan ƙaras-ƙaras saboda sukari da bota, cerin kuma kowanne na nan a dunƙule da ruwansa a ciki, sai ka danna shi da harshe ya fashe maka a baki da ɗumi. Bayan zaƙin kuma akwai wani ƙamshi siriri mai ɗan ɗaci kamar na almon wanda ko alamarsa babu a nawa. Na ajiye cokali nace Mama kin yi gaskiya. Tace ba ita ta yi gaskiya ba, haka ta tarar. Ƙanwata da take karatun kimiyya tace ƙwayar da ke cikin ƙwallon tana ɗauke da wani sinadari amigdalin, danginsa ɗaya da na almon mai ɗaci, shi yasa ƙamshin ya zo ɗaya, amma kuma shi ne dalilin da yasa ba a fasa ƙwallon a tauna, don in aka niƙa shi aka ci yana sakin guba. A tsotse a tofar kawai. Mama ta ƙara da cewa duk baƙon da za ka ba ka gaya masa tun kafin ya kai cokali baki saboda haƙori, in kuma ƙananan yara ne za su ci to a cire musu, ita ma jikokinta cire musu take yi.

Wani abu kuma da na lura, ƙwallon nan ba ya barin ka yi sauri. Dole ka ci loma ɗaya ka tsaya ka lalubo shi ka ajiye, to a tsakanin nan hira ke shiga. A zaman nan ta bamu labarin yadda mahaifinta ke ɗaura tsofaffin tsummoki a rassan don korar tsuntsaye, da shekarar da sanyi ya dawo a watan Afrilu ya ƙone furen gaba ɗaya ko ƙwaya ɗaya basu samu ba, da yadda 'ya'yanta yanzu sai a watan Agusta suke samun hutu su zo, lokacin bishiyar ba komai sai ganye. Ta kalli ƙanwata tace shekara biyu kenan wannan ce ke hau mata tsani. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, don kullum tunanina yarinyar nan tana can ita kaɗai ba kowa.

Cikin dare ruwan ya sauko kamar yadda aka faɗa, har wayewar gari ana yi. Da ya tsagaita na sa takalmin Mama na roba na zagaya baya, ciyawa jiƙe sharkaf, na jawo wani reshe da muka tsallake jiya. Kusan duk na jikinsa sun tsage, wani a zagaye kusa da tsinke wani tun daga sama har ƙasa, jan naman a waje ruwa na ɗiga, ƙananan ƙudaje har sun fara taruwa.

Kwando ɗaya ta bamu muka dawo dashi Limoj. Daren da zan tafi na sake gasawa ni kaɗai a ɗan obin ɗin ƙanwata, ba sikeli, da kofi na auna, tana zaune a kan gado tana karanto min abin da na rubuta a waya, da na kai wajen ceri tace Yaya wuƙa fa, in miƙo miki? Nace bar ta a nan. Muka kai wa Mama nata har ƙofa da ɗuminsa, ta ɗanɗana a tsaye ta tofar da ƙwallon a tafin hannunta tace minti biyar ya rage masa a wuta, amma gefen ya yi. Sauran na naɗe a takarda na ci a jirgi wajen Châteauroux, ƙwallayen na tara su a kofin shayi, har na sauka Austerlitz bakin farcena da jan bai fita ba.